Ledar nan mai tsaftace ruwa da rana, ga abin da na gani

Jama'a masu tambayata kan ledar ruwan nan da ake shanyawa a rana, to ga amsa. Lita 3 take ci, a cikinta akwai wani ɗan raga da aka shafe da farar hoda mai suna titanium dioxide, irin wadda ake sawa a farin fenti, in rana ta buge ta sai ta dinga kashe ƙwayoyin cuta tana kuma wargaza dattin sinadari irin ragowar maganin feshi, wanda mu nan yankin auduga shi ne babban tsorona wallahi, don tafasa ruwa ba ya fitar da shi.

Da zafin garinmu Marwa, a arewacin Kamaru, na watan Afrilu awa 3 ta ishe ni, ruwan ba wari ba ɗanɗanon javel (maganin kulorin da ake sa wa ruwa), yara na sha ba gardama, ba itace ba gawayi ba batir. Nan kam ta burge ni.

Amma fa ruwan mayo, wato kogi, na damina mai jan laka kar ma ka zuba kai tsaye, haske ba ya ratsa shi, dole ka bari ya kwanta ko ka sa garin 'ya'yan zogale ka tace da ƙyalle tukuna. Ranar hadari ko hazo kuma lokacin ninkuwa yake, saboda hodar da hasken UV, wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, kawai take aiki, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Gishiri da kanwa ma ba ta cire su.

Mai shagon da na saye ta ya ce min wai har iskar haidurojin, gas ɗin da ake iya yin makamashi da shi, tana bayarwa, na ce haba Alhaji. Gaskiya ne tun 1972 wasu masana a Japan, Fujishima da Honda, suka nuna sinadarin nan na iya raba ruwa ya ba da haidurojin da taimakon haske, kuma har yau ana ta bincike a kai, amma wannan ledar ba a yi ta don tara gas ba, ruwan sha kawai.

Abin da ya fi damuna ƙanƙantarta, gidan mutum goma lita 3 me za ta yi, ga tsada. Direban da ke bin hanyar Kuseri, makiyayi, mai kwana a gona, su na ce su saya. Mai iyali da ke jin tsoron kwalara lokacin ambaliya ya haɗa da javel ko tafasawa, ita kaɗai ba za ta riƙe gida ba.