Sharhi: Ƙamusun Oxford Advanced Learner's da kalmar "charge"

Mai neman halalinsa a Legas, ko tumatir yake saukewa a kasuwar Mile 12 ko kaya yake fitarwa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ba manyan kalmomin Turanci ke ba shi wahala ba. Ƙananan ne, waɗanda yake ganin ya riga ya sani. Shi ya sa da na ɗauki ƙamusun Oxford Advanced Learner's, bugu na 10 da ya fito a 2020, na auna shi da kalma guda, wato "charge".

Hausa ta daɗe da aron kalmar nan. Muna cewa cajin waya, muna kiran ofishin 'yan sanda caji ofis, kuma duka daga ita suka fito. A saƙon banki tana nufin kuɗin da aka cire maka na hidima. A takardun Apapa kuɗin ajiye kwantena ne da na sauke ta. A kotun majistare kuwa tuhuma ce. Mutum zai iya haɗuwa da ukun nan a yini ɗaya.

Asalin ƙamusun aikin A. S. Hornby ne, malamin da ya koyar da Turanci a Japan, kuma Oxford ta buga shi a 1948 domin waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne gare su. Ana ganin wannan niyya a tsarinsa. Ya raba "charge" gida biyu, suna daban, aikatau daban, sannan ya sa ɗan kanu a kan kowace ma'ana: kuɗi, laifi, lantarki, farmaki, kulawa. Ido na bin kanun har ya faɗa inda ake nema, ba sai an karanta shafin duka ba.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake nuna ƙaramar kalmar da ke biyo baya, domin a nan ma'anar take kwana. Idan aka ce an yi "charge" ɗin mutum "for" wani abu, kuɗi ake nema a hannunsa. Idan "with" ce ta biyo, laifi ake tuhumarsa da shi. "In charge of" na nufin shi ne mai kula da wurin, amma da zarar an cusa "the", aka ce "in the charge of", magana ta juye, shi ne ake kula da shi. Wanda zai rubuta wa mai gida takardar cewa ya bar ƙanensa ya tsare shago, wannan 'yar kalma mai harafi uku za ta iya mayar da shagon mai tsaron ƙanen. "Free of charge" kuwa kyauta ne, ba a sallami wani daga tuhuma ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a ma'ana ta farko. Fara tantance suna ce ko aikatau a jumlarka, ka dubi abin da ke gabanta da bayanta, sannan ka karanta jumlolin misali har ka sami mai kama da taka. Idan ba ka samu ba, sauka ƙarshen bayanin, wurin da aka tara salon magana da aikatau masu haɗe da ƙananan kalmomi. Mutane da yawa ba sa kaiwa can.

Yawan ma'anonin bai kamata ya tsorata kowa ba. Babban ƙamusun Oxford, wanda ba wannan ba ne, ya lissafa wa aikatau "run" ma'ana 645 a gyaran 2011. Wannan na ɗalibai ya tace, ya bar waɗanda ake buƙata yau da kullum.

Yana da iyaka. Turanci yake fassarawa da Turanci, ba fassarar Hausa a ciki, don haka wanda bai yi nisa a karatu ba zai buƙaci ƙamusun Turanci da Hausa a gefe, irin na Roxana Ma Newman na 1990. Kuma Turancin Ingila da Amurka ne ginshiƙinsa. Abin da kwandastan danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, ke nufi da "drop" a Oshodi, ko direban tasi idan shata yake nufi, a bakin mutane ake koyonsa.

Wajen saye a buɗe ido, domin jabu na yawo a bakin titi. Takardarsa sirara ce har rubutun bayan shafi na leƙowa, launin kanun ya dushe, wani lokaci a tarar an tsallake shafuka. Tunda amfanin littafin yana cikin ƙananan alamomin nan ne, kafin ka biya kuɗi buɗe "charge" ka ga ko "for" da "with" suna karantuwa sarai.