Iskar nitirik oksaid ko sildenafil: wanne ya fi wa jariri?

Ɗaliban aikin jinya a nan Sakkwato sun dame ni da wannan tambaya.

Huhun ɗan tayi cike yake da ruwan da shi kansa ke fitarwa. Gwaji a kan 'yan tayin tumaki ya nuna nitirik oksaid na rage fitar ruwan, yana kuma saki jijiyoyin jinin huhu. Idan jijiyoyin suka ƙi sakuwa bayan haihuwa, za ka ga jariri yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi. Wannan ciwon ne ake yi wa magani da iskar nitirik oksaid ko sildenafil, don jijiyoyin su saku.

Iskar, wadda ake shaƙa wa jariri, kuma Amurka ta amince da ita a 1999, nan take take aiki, kuma a huhu kaɗai. Sai dai tsada! Ga tukunya, ga na'ura, ga wutar da ba ta ɗaukewa (mu da muka san halin lantarkinmu). In aka yanke ta farat ɗaya, ciwon na iya dawowa.

Sildenafil kuwa, maganin nan na cikin Viagra, araha ne, ana ɗura shi ta robar hanci. Amma yana jan lokaci, kuma yana iya saukar da ƙarfin bugun jini a duk jiki.

Asibiti mai cikakken kayan aiki, iskar ta fi masa. Inda babu, likita kan koma ga sildenafil, yana sa ido sosai.