Tsarin musharaka da na shiga don sayen gidan haya

Gaskiya na ji daɗin kamfanin da na shiga musharaka da su, wato muka haɗa kuɗi muka mallaki gidan tare, ni na zuba kashi 30 su suka cika sauran, duk wata ina biyan haya a kan kasonsu kuma ina sayen wani yanki daga ciki, hayar tana raguwa a hankali, kuma babu kuɗin ruwa wanda dama shi nake gudu. Ma'aikaciyarsu ta ɗauko biro ta zana min lissafin a bayan takarda har sai da na gane sarai. Amma fa kuɗin lauya da na mai kimanta gida sai ranar sa hannu na ji labarinsu, wallahi abin ya sosa min rai, har yau ban huce ba.