Crosman Mark I: tsohuwar bindigar gas da ta cancanci wahalar gyara

Crosman Mark I bindigar hannu ce mai aiki da iskar kabon dayoksaid, wadda kamfanin Crosman na jihar New York a Amurka ya fara fitarwa a 1966, ya ci gaba da ƙera ta har zuwa 1983. Ƙwayar dalma mai awon .22 (faɗinta ke nan a ma'aunin inci) take harbawa, ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƙanwa, Mark II, mai awon .177. Siffarsu an ɗauko ta ne daga bindigar Ruger ta harbin saiti, shi ya sa wanda bai sani ba zai ɗauka bindigar harsashi ce. Tawa ta zo hannuna fentinta ya ɓamɓare a gefe-gefe, kuma da zarar an huda kwalbar gas sai ka ji huci daga ƙasan mariƙi har kwalbar ta ƙare. Ban damu ba. Robar da ta haura shekara arba'in dole ta mutu, ƙarfen ne abin dubawa, shi kuma lafiyarsa ƙalau.

Gas ɗin yana zuwa ne a 'yar kwalbar ƙarfe mai giram 12, irin wadda kamfanin ya ɓullo da ita a 1954 tare da bindigarsa ƙirar 150, kuma har yau ita ake amfani da ita. A Mark I, cikin mariƙi ake zura kwalbar, bakinta na kallon ƙasa, sannan a ɗaure marfi. Allurar hudawa a jikin marfin take. Idan aka huda, gas ɗin yana cika cikin mariƙin gaba ɗaya, don haka zoben robar da ke marfin shi ne ke tare dukkan matsin. Matsin kuwa ba na wasa ba ne: a yanayi mai digiri 21 na ma'aunin Salshiyas yana kaiwa wajen fam 850 a kan kowane inci murabba'i. Wannan ne dalilin da ba a taɓa yunƙurin kwance marfin sai gas ya ƙare ƙaf.

A gyaran na fi daɗewa, kuma a nan na fi jin daɗinta. Zoben marfi, zoben jikin bawul (abin da ke sakin gas lokacin harbi), robar kan sandar bawul, da ƙaramin zoben da ke kan sakatar da ke tura ƙwaya, su ne wuraren da gas ke sulalewa. Tsohuwar robar ta yi tauri har sai da na riƙa ɓalle ta gutsure-gutsure da tsinken katako, don ƙarfe mai kaifi yana iya karce ramin da zoben ke zama, kuma ramin da ya karce ba zai sake riƙe gas yadda ya kamata ba. Irin robar da za a mayar ma abin lura ce. Baƙar roba ta gama-gari tana shan kabon dayoksaid ta kumbura, sai ka ga bayan an cire marfi ya ƙi komawa sai an jira ta saɓe. Zoben yuretan, wani nau'in roba na daban, ba ya wannan halin, shi na saka a marfin. Da na haɗa komai, na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ina duba kumfa. Babu ko ɗaya. Farin cikin da na yi a lokacin ya fi na harbin farko.

Man shafawa: ɗigo ɗaya na Pellgunoil, man bindigar gas na kamfanin Crosman, a bakin kowace sabuwar kwalba, gas ɗin da kansa zai kai shi ga robobin ciki. Man kwance tsatsa na fesawa ba nasu ba ne.

Wajen harbi, kunamarta ce ta sa nake cewa ta cancanci wahalar. Ana iya daidaita ta, kuma idan ta daidaitu tana sakin harbi a wuri guda kullum, ba tare da jan ƙafa ba. Ana ɗana ta ne da wasu 'yan kunnuwa biyu da ke gefen bututu, a tura su gaba: ƙara ta farko ƙarfi kaɗan, ta biyu cikakken ƙarfi. Ni na fi zama a ta farko idan takarda nake harbi a tazarar mita 10, gas ya fi auki, ƙarar ma ba ta da yawa. Bututun ƙarfe ne mai zane a ciki, saitin baya kuma yana motsawa sama da ƙasa, hagu da dama. Tana da nauyi, ta haura kilo ɗaya, amma nauyin yana kwanciya a tafin hannu saboda karkacewar mariƙin, har bakin bindigar ba ya yawan rawa.

Inda take gajiyar da mutum, halin gas ɗin ne. A sanyi matsi yana faɗuwa, ƙwaya ta riƙa sauka ƙasa da inda ka auna. Harbi a jere da sauri ma yana sanyaya mariƙin, sai ka ji shi a hannunka, ƙarfin ya ragu har sai ka ɗan dakata. Rana mai zafi kuma ba a barin ta a cikin mota da gas a ciki. Sanya ƙwaya yana buƙatar yatsu masu haƙuri, wurin ƙarami ne.

Masu tara irin waɗannan bindigogi sun fi zumuɗin Crosman 600, wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1970, mai ɗaukar ƙwaya goma tana harbawa a jere. Na yarda abin sha'awa ce, amma tana zaɓen siffar ƙwaya, tana shan gas, kayan cikinta kuma suna da yawa. Akwai Smith & Wesson 78G da 79G na shekarun 1970, masu kama da Mark I a tsarin aiki. Ga wanda zai fara koyon gyara da hannunsa, Mark I zan nuna masa.

Kafin saye, a fara sanin abin da dokar ƙasar mutum ta ce kan bindigar iska, domin wasu ƙasashen suna neman lasisi, kuma wannan ba abar fita da ita bainar jama'a ba ce. Tabarau na kariya da shingen tare ƙwaya wajibi ne, dalmar .22 tana huda fata. Sannan a duba marfin gas da kyau: akwai na farko mai 'yar sanda da ake lanƙwasawa, akwai na baya mai maɓallin dannawa. Robobi ana samun sababbi cikin sauƙi, amma marfin da ya ɓata ko saitin baya da ya karye, sai an yi dogon cigiya a wurin masu tsofaffin kaya.