Wata takwas da risibar da babu wanda ya san mai ita

Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a bayan tashar motar unguwarmu, benci goma sha biyu da talabijin biyu, sai janareto da ya girmi ɗana na fari. A bara, da kuɗin watan da nake biya ya fara cinye abin da ake tarawa a ƙofa, yaron da ke haɗa mana dish, wanda muke kira Injiniya, ya shigo da wata risiba cikin baƙar leda. Ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya ce, “Baba, wannan sau ɗaya za ka biya a shekara. Firimiya, Zakarun Turai, Laliga, duka a HD. Data kaɗan kawai take ci.” Na tambaye shi kamfanin waye. Ya yi dariya ya ce, “Kai dai ka ga hoto tukuna.”

Na ga hoton, kuma ba zan ci amanarta ba, hoton ya yi kyau. Tsohuwar dikodata layi 576 take fitarwa, wannan kuwa 1080, kuma da Injiniya ya cire igiyoyin nan uku masu ja da fari da rawaya ya sa HDMI, sai ka ce an wanke gilashin talabijin da omo. Kana ganin lambar da ke bayan ɗan wasa tun daga bencin ƙarshe. Ciyawar fili ta daina zama koren fenti, kana iya rarrabe inda aka aske ta. Wani dattijo mai sayar da taya da ya shekara yana zama a gaba saboda idonsa, ranar ya koma baya kusa da fanka. Rimot ɗin dai na roba ne mara nauyi, lambobinsa sun goge cikin wata biyu, kuma risibar na ɗaukar zafi har sai da na ɗora ta a kan bulo na ajiye mata ƙaramar fanka. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, na yafe.

Sai daga baya na fahimci yadda take aiki, kuma ya kamata duk mai niyyar saya ya fahimta kafin ya ba da kuɗinsa. Hoton daga tauraron ɗan'adam yake saukowa ta dish kamar kowane, amma a kulle yake. Makullin da ke buɗe shi yana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Dikodar halal tana da katinta ko abin da ke cikinta mai karɓar makullin kai tsaye. Ita kuwa wannan, wani ne can a wata ƙasa ya biya kuɗin kati na gaske, yake turo makullin ta intanet ga dubban risiba irin tawa. Shi ya sa ba ta cin data sosai, amma idan sabis ya yi tangal-tangal na daƙiƙa biyar, makulli ya makara, hoto ya daskare. Dish ɗinka na iya nuna siginal ya cika, sararin sama tas babu hadari, ka ga ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya tsaya a haka kamar gunki.

Wata uku na farko lafiya lau. Na rage kuɗin shiga, mutane suka ƙaru, mai shayin ƙofa ma ya ƙara kwalin madara. A wata na huɗu aka fara daskarewa jefi-jefi, galibi ranar manyan wasanni, lokacin da kowa da kowa ke jan makulli daga wuri guda. Daren da ba zan manta ba na gasar Zakarun Turai ne, ɗaki ya cika har da masu tsayuwa a taga, an ba da fenariti ana saura minti kaɗan a tashi. Mai bugu ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, hoto ya tsaya. Sai ihu muka ji daga gidan kallon da ke tsallaken titi. Ko ci ne ko ɓarar da ita aka yi, babu wanda ya sani a ɗakina. Wani matashi ya miƙe ya ce, “Baba, da girmanka, a ba mu kuɗinmu.” Na bayar. Na kira Injiniya har sau bakwai, da ya ɗauka ya ce, “Wallahi Baba ba daga wajena ba ne, daga sama ne.”

To, saman nan shi ne abin da na yi wata da watanni ina nema. Wanda ya sayar wa Injiniya ya ce kamfanin na wani attajiri ne a Dubai. A kasuwar 'yan kayan wuta wani ya rantse mini 'yan China ne. Wani direba da ke zuwa kallo ya ce ai kowa ya san na wani tsohon gwamna ne, yana ɓoye sunansa. Har akwai masu cewa manyan kamfanonin ne da kansu suke sakin irin waɗannan risibobi don su karya abokan hamayyarsu, maganar da ban ga kanta ba balle gindinta. A jikin kwalin babu adireshi, babu lambar waya, sai hoton ƙwallo da tutoci.

Wannan jita-jitar ta tuna mini da rigimar beoutQ, wadda na bi labarinta a rediyo lokacin da ake yinta. A watan Yunin 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Qatar. Tashar beIN Sports ta Qatar ce, wadda a da ake kira Al Jazeera Sport, kuma ita ke riƙe da haƙƙin nuna manyan gasanni a ƙasashen Larabawa. Aka hana ta aiki a Saudiyya. Ba a jima ba sai ga wata tasha mai suna beoutQ, sunan kansa habaici ne ga beIN da Qatar, tana ɗauko hoton beIN sukutum har da muryar masu sharhi, tana liƙa tambarinta a kan nasu. Tashoshi goma a HD, da akwatunanta a kasuwa. Gasar cin kofin duniya ta 2018 da aka yi a Rasha, haka ta nuna ta ba ta biya ko sisi ba.

Da aka tambayi waye mai ita, sai tashar ta ce wasu 'yan kasuwa ne daga Kolombiya da Kuba. Su beIN suka ce ƙarya ne, ta taurarin Arabsat ake watsa ta, kuma hedikwatar Arabsat a Riyadh take. Saudiyya da Arabsat suka musanta. FIFA da UEFA da hukumar gasar Firimiya da wasu suka haɗu suka sa a yi musu bincike, rahoton ya nuna Arabsat. Suka kuma ce sun tuntuɓi ofisoshin lauyoyi tara a Saudiyya, babu wanda ya yarda ya riƙe musu shari'ar. A watan Agustan 2019 beoutQ ta ɓace daga tauraro, a 2020 kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke cewa Saudiyya ba ta kare haƙƙin beIN yadda ya kamata ba. Rigimar ta kai har ta tsayar da cinikin ƙungiyar Newcastle, sai a Oktoban 2021, bayan an sasanta an ɗage wa beIN takunkumi, asusun zuba jarin Saudiyya ya saye ta. Ni abin da ya tsaya mini a rai ba sarakunan ba ne. Mutumin da ya sayi akwatin beoutQ da kuɗinsa nake tunani, ranar da ya kunna ya ga duhu. Wa zai kama, ɗan Kuba?

A nan gida ma mun ga hamayya, sai dai mai suna ce a fili. Waɗanda suka daɗe a sana'ar nan sun tuna HiTV, kamfanin ɗan Najeriya Toyin Subair, da ya karɓe gasar Firimiya a 2007. Gidajen kallo da yawa suka sayi dikoda ta biyu dole, domin babu Firimiya babu ciniki. Zuwa 2010 gasar ta koma hannun SuperSport, a 2011 HiTV ya rufe. StarTimes, kamfanin China na Pang Xinxing, ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya kama talaka da araha. Duk wannan kokawar a kan abu guda ake yinta, wato wa ya sayi haƙƙin nuna wasan. Kyawun dikoda da faɗin dish duk bayan wannan suke biyowa. Kuma da dala ake sayen haƙƙin, mu kuwa da naira muke biya, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi muke jin ta a jikinmu.

Ko maganar Canal+ da MultiChoice, mai DStv da GOtv, da ita ma aka sha tsegumi, an yi ta ne a idon duniya. Tun 2020 Canal+, kamfanin Faransa, yake tsintar hannun jarin MultiChoice na Afirka ta Kudu kaɗan-kaɗan ana cewa zai haɗiye shi. A farkon 2024 ya wuce kashi 35 cikin ɗari, dokar Afirka ta Kudu ta tilasta masa ya taya sauran, ya taya a kan rand 125 kowane hannun jari, a Satumbar 2025 ya karɓi ragama. Dokar ƙasar ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 20 na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shirye-shirye, sai da aka ware wannan ɓangaren aka ba 'yan ƙasa rinjaye. Babban mai jari a Canal+ kuwa gidan Bolloré ne, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani tun shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso. Ƙanin matata da ke Maraɗi, wanda Canal+ yake kallo tun yana saurayi, ya kira ni yana tsokana wai yanzu ubangidanmu ɗaya. Ka so su ko ka ƙi su, ka san sunansu, ka san inda ofishinsu yake, akwai hukumar da za ta iya kiransu.

Akwai kuma abin da na daɗe ina kauce wa. Limamin masallacinmu ba ya kallon ƙwallo, amma wata rana bayan la'asar ya tambaye ni yadda aka yi na rage kuɗin shiga alhali kowa ƙarawa yake. Na yi masa bayanin makulli da kati kamar yadda na yi muku. Ya saurara har na gama, ya ce, “To Malam, shi mai wasan an biya shi?” Na ce wani ya biya na mutum ɗaya. Bai ƙara cewa komai ba, ya sa takalminsa. Na fi son da faɗa ya yi mini.

A wata na takwas tashoshin ƙwallon suka ɗauke gaba ɗaya. Injiniya ya ce an canza tsarin kullewa, a jira sabuwar manhaja. Mako biyu ya zo da filashi ya ɗura mata wani abu, tashoshi uku suka dawo, suka yi kwana huɗu suka sake tafiya. Kuɗin wata huɗun da suka rage a shekarata sun bi ruwa, kuma ban riƙe yaron a zuciya ba, don shi ma wanda ya sayar masa ya daina ɗaukar waya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da na zauna da biro na haɗa kuɗin risiba da data da abin da na mayar wa mutane, da 'yan kallon da suka koma tsallaken titi har yau ba su dawo ba, ribar wata ukun farko ba ta rufe ramin ba.

Idan don gida kake so, ka kalli tashoshin kyauta da hoto mai kyau, na'urar kanta ba ta da laifi, tana kama siginal da sauri ko da ƙaramin dish, kuma ba ta buƙatar data don wannan. Idan kuwa mutane za su biya ka kuɗi su zauna, kada ka kusance ta. Ni na koma biyan kuɗin wata, na mayar da kuɗin shiga yadda yake a da, ana ta ƙorafi ana shigowa. Risibar tana cikin gida yanzu a ɗakin uwargida, Injiniya ya juya mata dish, da rana tana kallon Arewa24, da asuba kuma tsohuwata ta sa a kamo mata tashar da ke nuna ɗawafi daga Makka. Wannan ba ta taɓa daskarewa ba sai in hadari ya haɗu.