Kayan ban ruwa na ɗigo a gaɓar Nilu Shuɗi: inda suka yi rawar gani da inda suka gaza

Kayan ban ruwa na ɗigo da ake samu a shagunan kayan noma na Sinnar da Wad Madani a ƙasar Sudan sukan zo ne a haɗe: tanki, da matata, da babban bututu, da siraran tiyo masu ƙananan huda waɗanda ake shimfiɗawa a gindin shuka, wani lokaci har da famfo mai aiki da hasken rana. Irin wannan haɗin muka gwada a lambun tumatir da albasa kusa da Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wajen tanadin ruwa, kayan sun cika alkawari. A ƙiyasin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da aka malala a kwami ne ke amfanar shuka, na ɗigo kuwa yakan kai kashi 90, kuma abin da muka gani bai saɓa da hakan ba. Ciyawa ta ragu domin tsakanin kunya ba ya jiƙewa, kuma famfon rana ya raba mu da neman man dizal, wanda tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 samunsa ya zama wahala.

Matatar ce raunin wannan haɗi, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba Nilu Shuɗi yakan sauko daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka mai yawa, lakar da ta cinye fiye da rabin ma'ajiyar madatsar Sinnar tun gina ta a 1925. Abin da ya cike madatsa kuwa ba zai bar hudar da ba ta wuce bakin allura ba. Matatar raga da ke cikin kwalin takan toshe da wuri, idan kuma aka yi sakaci sai lakar ta shige cikin tiyo, a tarar farkon layi ya jiƙe sharkaf yayin da shukar da ke ƙarshensa ta yi yaushi. Babbar madatsar Habasha, wadda aka fara tara ruwa a cikinta a 2020, tana riƙe laka mai yawa, amma ruwan damina har yanzu bai yi garau ɗin da za a zuba shi kai tsaye ba. Dole ne mai saye ya haƙa ɗan tafkin da laka za ta kwanta, ya kuma sayi matata mai faifai, abubuwan da mai shagon da muka yi ciniki da shi bai ambata ba. Ɓeraye ma suna huda tiyo a lokacin zafi, don haka a tanadi mahaɗa.

Masu tallan kayan suna cewa duk wanda ya saya ya taimaki kogi, kuma a nan nake da ja. Rabon Sudan a yarjejeniyar raba ruwan Nilu da ta ƙulla da Masar a 1959 kubik mita biliyan 18.5 ne a shekara, noma ne kuma ke shanye mafi yawansa, saboda haka tanadin yana da muhimmanci. Sai dai manomin da famfo ya daina cin kuɗinsa, ruwa kuma ya yi masa saura, ƙara faɗin gona yake yi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ta haka abin da ake ja daga kogi kan iya zama yadda yake, ko ma ya ƙaru. Banki ko ƙungiyar da ke son tallafinta ya amfani kifi da gaɓa a watannin rani, ya kamata ta fifita manoman da suka yarda a sa musu mita a bakin famfo tare da iyakar abin da za su ja, ta kuma sanya kuɗin tafki da matata cikin rancen.

Mai lambun kayan miya ko bishiyoyi a ƙasa mai sauƙi ta bakin kogi zai ci ribar kayan. Mai dawa ko alkama a baƙar ƙasa mai tsagewa ta Jazira, yankin noman da ke tsakanin Nilu Shuɗi da Nilu Fari, kuwa, gara kuɗinsa ya tafi wajen yashe magudanai da daidaita gona.