Lissafin Shekara Guda ko na Tsawon Rayuwa: Wanne Ya Fi Auna Tasirin Baƙi Masu Ƙaura a Kan Baitulmali?

Hanya ta farko mai sauƙi ce. Gwamnati ta ɗauki shekara guda, ta tara harajin da baƙi suka biya, ta cire abin da aka kashe musu a asibiti, makaranta da tallafi. Da irin wannan lissafi kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan shige da fice ya nuna a 2018 cewa baƙi daga ƙasashen Turai sun zuba wa baitulmali fiye da abin da suka ci.

Matsalarta ita ce yara. Ɗan baƙo da ke firamare, a wannan ma'auni, kashe kuɗi ne kawai.

Hanya ta biyu tana bin mutum har tsufa, ta haɗa da 'ya'yansa. Rahoton cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka na 2016 ya gano cewa iyayen da suka shigo sukan yi wa jihohi nauyi, musamman saboda kuɗin karatun yaransu, amma yaran nan idan sun girma suna cikin waɗanda suka fi amfanar baitulmali. Ni na fi yarda da wannan hanyar, duk da cewa ta jingina ne da hasashen albashi da haraji na shekaru masu zuwa.